Makunnin da Na Ɓoye a Gangaren Badar

Ranar da na sauka Madina ko hasumiyar masallacin Annabi ban gani ba. Daga filin jirgi wata farar mota ta kwashe mu, mu shida, ta miƙi hanyar yamma. Muna ta keta baƙaƙen duwatsu, gari yana ƙara nisa a bayanmu, har na kasa haƙuri na harhaɗa ɗan Larabcin da na tsira da shi daga Islamiyya na tambayi direba ina otal ɗin yake. Ya dube ni ta madubi, ya ce, "Funduƙ? Mafi funduƙ. Tamar." Wato babu wani otal, dabino ne. A nan gabana ya fara faɗuwa.

Sunana Haladu, mutumin Azare. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin wayarin, kuma ba yabon kai ba, a unguwarmu in wutar gida ta gagari kowa ni ake aika wa. Ejan ɗin da ya yi min hanya a Kano ya dafa ƙirji ya rantse cewa aikin lantarki zan yi a wani otal daf da Harami, salla biyar a masallacin Manzo. Abin da na tarar shi ne wani ƙaton sito a bayan garin Badar, inda ake tsince dabino ana zubawa a kwali. Mudir ɗin wurin, wato manaja, ya karɓi fasfona ya jefa a durowa, ya nuna min katifa a ɗakin mutum takwas. Na kira ejan ya fi sau talatin. Daga baya lambar ma ta daina shiga.

Wata goma na yi ina dakon kwali. Hannun da ya saba da filaya da testa ya koma duk kanta. Wani dattijo ɗan Bangaladash da muke ɗaki ɗaya shi ya riƙa tura min farantin shinkafarsa a kwanakin farko da na kasa cin komai. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, sai dai ya nuna bakinsa ya harare ni har sai na ci. Na baro matata Saratu da ciki wata huɗu. Ranar suna ina tsaye a bayan ɗakin sanyi, waya a hannu, ina kallon ana yanka rago a ƙofar gidanmu, hoton yana tsayawa yana tafiya. Aka sa wa yarinyar Hanifa. Na mayar da wayar aljihu na koma kan kwalaye, hawaye da gumi suka haɗe, ba wanda ya lura.

Ina da zuciya, wannan kowa ya sani. Wata rana na taɓa akwatin wutar ɗakin sanyi na ji ya ɗau zafi, na je na gaya wa mudir cewa wayar ta yi ƙanƙanta. Ya ce min ni ɗan dako ne, in tsaya a dakona. Bayan kwana biyu akwatin ya kama da wuta. Da na yi shiru da an wuce wurin, amma ina! A gaban ma'aikata na ɗaga murya na ce ai na faɗa masa. Washegari kafilina, wanda takarduna ke ƙarƙashin sunansa, ya aiko da saƙo: ba zai sabunta min iƙama ba, wato takardar izinin zama. In na sami wanda zai karɓe ni kafin ta ƙare zai sake ni, in ban samu ba zai buga min fitar da babu dawowa. Saura wata biyu. Na zauna a bakin katifa ina tunanin yadda zan shiga Azare hannu rabbana, in ɗauki 'yar da ban taɓa saya wa ko riga ba.

Daga nan na mayar da kowace Juma'a ranar yawon neman kafili. In shiga motar Madina da sassafe, in yi salla, sannan in bi shago-shago. Wani ya ce in dawo, wani ko ɗaga kai ba ya yi. A Juma'a ta uku ina cikin unguwar Aziziyya, ƙafata ta gaji, na tsaya a wani shagon kayan sanyi don kawai in sha iskar ciki. Sai na ji wata murya tana faɗa da Hausa, irin Hausar da rabona da ji tun kakata tana raye.

"Ja'irin yaro! Sau uku ina aiko maka, mukayyif ɗina ya mutu, ka bar ni ina gasuwa sai ka ce gurasa!"

Wata tsohuwa ce cikin baƙar abaya, tana buga sandarta a ƙasa, mai shagon Balarabe yana ta ce mata "bukra, bukra", wato gobe. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Inna, ina wuni? In na'urar sanyaya ɗaki ce, ni zan duba miki."

Ta juyo ta ƙare min kallo. "Kai ɗan wane gari ne?"

"Azare, Inna."

"Katagum!" ta ce, ta dafa kaina. "A bayan uwata na baro ƙasar can, ko haƙori ban yi ba. Tashi mu je."

Sunanta Inna Kubura. Kafasita ce kawai ta ƙone, ɗan abin da ke tayar da injin na'urar, cikin rabin awa sanyi ya dawo. Kafin in wanke hannu ta aje min tuwo da miyar kuka, kukar da wata 'yar umara ta kawo mata. Loma biyu na yi na kasa ci gaba. Ta bar ni na yi kukana, da na gama ta turo min kwanon ta ce, "To, yanzu ci, ya huce."

A zauren gidan na ga wani abu jingine da bango, kamar ƙaramin ƙyaure mai tayoyi, da wasu ƙahonni biyu a gaba. Na tambaya. Jikanta Mazin, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yi dariya ya ce zallaja ce. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, sai ya ga na ɓace sannan ya sauko. Ya nuna min a waya. Wasa ne na ƙasashen sanyi, luj ake ce masa: mutum ya kwanta rigingine a kan abin, ƙafafu a gaba, ya sulalo ta wani kwararon ƙanƙara da gudun da ya fi na mota a babban titi, babu birki, babu sitiyari, da ƙwauri da kafaɗa ake juyawa. Na ce, "Wannan ai neman mutuwa ne da ido biyu." Inna ta ce, "Faɗa masa dai, ni na gaji."

Tunda babu ƙanƙara a Madina, da mai tayoyi suke koyo, a wani tsohon titin wurin fasa dutse da aka ba su izini kusa da Badar. Su huɗu ne: Mazin, da ƙanwarsa Rihab, da wasu 'yan'uwa biyu 'yan Badar da ke hawa zallaja ɗaya tare. Burinsu gasar ƙasa da ƙasa ta karɓa-karɓa, wadda ake yi ƙungiya-ƙungiya. Mace ce ke fara sauka. A ƙarshen hanya akwai wani faifai da ke rataye a sama. Dole ta tashi zaune cikin gudun nan ta mare shi da hannu, marin ne zai buɗe ƙofa can saman gangare na gaba ya taho. Shi ma ya mara, na ƙarshe ya taho. Wanda duk hannunsa ya kuskure faifan, an cire ƙungiyar gaba ɗaya. Wani koci zai zo daga Bosniya ya gwada su, in sun ci zai tafi da su sansanin ƙanƙara. Sharaɗinsa ɗaya: su tanadi faifai da ƙofa masu aiki kamar na gaske. Sun nemi na saye, ba su samu ba.

Da la'asar baffansu ya zo, Ammi Salihu, wanda ke riƙe da su tun rasuwar mahaifinsu. Yana da shagon kayan wuta a wajen masallacin Ƙiblatain. Mutum ne mai ƙarancin magana, idonsa kamar yana auna ka. Inna ta zayyana masa labarina, har da ƙari. Ya saurara, sannan ya ce da Hausa mai nauyin Larabci, "Ka yi musu wannan shugul. In ya yi aiki ranar da mutumin zai zo, in karɓi kafalarka, ka zauna a shagona. Tayyib?"

Na ce, "Tayyib, Ammi." Da ya ce in haɗa masa jirgin sama ma da na ce tayyib.

Sati uku ina fama, bayan na tashi daga dako. Faifan na yanka daga wata roba mai kauri, faɗinsa kamar murfin babbar tukunya, na rataye shi a jikin ƙarfe a kan titi. Ƙofar na yi da sanduna biyu da injin ƙofar gareji. Tsakaninsu na haɗa da rediyo, domin gangaren ya yi tsawo, ga lanƙwasa uku, ga dutse ya tare tsakani. Ya yi aiki. Rihab ta fara kirana Muhandis, wato injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana.

Sai dai akwai abin da na ƙara wanda ba wanda ya sa ni. Duk wanda ya koyi aikin wuta a ƙasarmu ba ya yarda da layi ɗaya. Ka ja na kamfani, ka ja na janareta, ka sa abin canzawa a tsakani, domin ka san za a ɗauke. Ogana da mari ya koya min haka, har ya zama ba na ma tunani, hannuna ne ke yi. Don haka na ja wata siririyar waya daga layin faifan, na sa ɗan makunni a ƙarƙashin akwatin batir, daidai inda nake zama a ƙarshen hanya. In na danna shi ƙofa za ta buɗe kamar an mari faifan. Na ce wa kaina don ranar da faifan zai ƙi ne.

Kocin ya iso saura kwana uku gwaji. Dogon dattijo ne Musulmi, Mirsad, fuskarsa ta yi jawur don rana. Ya mari faifan sau goma, ya kira ta waya a ga ko ƙofa ta buɗe, ta buɗe sau goma. Sannan ya tsaya a gabana, Mazin yana fassara.

"Hannu ɗaya ne ke buɗe ƙofar nan, hannun wanda ke kan zallaja. Ba don doka kawai ba. In mutum ya faɗi bai mara ba, ƙofa ta zauna a rufe, kada na bayansa ya taho ya hau kansa. Akwai wata hanya da ƙofar nan za ta iya buɗewa?"

Takalminsa yana taɓa akwatin batir ɗin. Na ce, "Babu." Na so in cire wayar a ranar, wallahi na so. Amma na tuna saura kwana goma sha biyu iƙamata ta mutu, na tuna in faifan ya ƙi sau ɗaya tak shi ke nan, sai na bar ta.

Abin da ya fi damuna ma ba na'urar ba ce, Rihab ce. Yarinyar tana da gudu, ba ta da tsoro ko kaɗan, amma ba ta son tashi zaune da wuri don kada iska ta rage mata gudu. Sai ta zo daf take tashi, wani lokacin ta samu, wani lokacin hannunta ya mari iska. Ba su da wata macen, kuma in babu mace babu ƙungiya. Na taɓa ce mata, "Rihab, don Allah ki riƙa tashi tun daga wancan farin dutsen." Ta ce, "Inta, kai Muhandis ne ko koci?" Na koma kan wayoyina.

Ranar gwaji mun hallara bayan fitowar rana, kafin kwalta ta yi zafi. Kocin yana can sama wajen ƙofa da agogonsa. Ammi Salihu ya kawo Inna a mota, suka tsaya can gefe ƙarƙashin wata bishiya, ta bayan faifan. Ni kaɗai ne a gabansa, zaune kan akwatin batir. Iska tana ɗan kaɗawa, faifan yana lilo a hankali. Na karanta duk abin da na iya.

Aka busa usur a sama. Na fara jin ƙarar tayoyi kafin in gan ta, wani irin gurnani da ke ƙaruwa. Ta ɓullo daga kwanar ƙarshe a kwance shame-shame, baƙar hular kwano tana ƙyalli. Ta wuce farin dutsen ba ta tashi ba. Na miƙe ina ihu, "Tashi! Tashi!" Ta tashi, ta kai hannu, na ga yatsunta sun wuce ta ƙarƙashin faifan. Tsakaninsu bai kai kaurin waya ba, amma ban ji ƙarar mari ba, fitilar akwatin da ke nuna an mara kuma ba ta kama ba.

Ban yi shawara ba. Na sunkuya na danna.

Fitila ta kama. Can sama aka yi sowa, ƙofa ta buɗe. Na juya don in dubi Rihab. Miƙar da ta yi da ƙarfi ta sa zallajar ta karkace, ta kife da ita a tsakiyar titi, 'yan taku kaɗan bayan faifan, ƙafarta ɗaya ta maƙale a ƙahon. Ga kuma 'yan'uwan nan biyu sun riga sun taho, mutum biyu a kan abu ɗaya, sun fi ta nauyi, sun fi ta gudu, kuma ba su da yadda za su tsaya. Ni na sako su.

Na ruga. Ina jin gurnanin tayoyinsu yana saukowa. Na kama zallajar na ja, ta ƙi, igiyar takalminta ce ta naɗe. Ammi Salihu yana gudu daga mota yana kiran sunanta, amma ya yi nisa. Na zaro filaya daga aljihu na datse igiyar, na ce, "Mirgina! Mirgina!" Ta mirgina cikin tsakuwa, ni kuma na rungumi zallajar na faɗa ɗaya gefen. Na ji tas, sun mari faifan, sannan iskarsu ta share min ƙafar wando. Ina nan kwance har Mazin ma ya sauko ya mara, ban iya tashi ba.

Ba wanda ya san komai. Faifan yana lilo tun farko, su Ammi kuma ta baya suke kallo. Kocin ya sauko yana ɗaga agogo, ya ce lokacinsu ya yi kyau, faɗuwa bayan an mara ba laifi ba ce, zai rubuta su tafi. Yaran suka rungume juna. Ammi Salihu ya riƙe kafaɗuna biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ka ceci 'yata." Nan take ya fito da wayarsa ya tura buƙatar karɓar kafalata. Tawa wayar ta yi ƙara a aljihu. Ya ce, "Buɗe, ka danna muwafiƙ." Amincewata kawai ta rage.

Na fito da wayar ke nan sai ga Rihab tana ɗingishi, gwiwar hannunta tana jini, Inna tana bin ta da tsumma. Ba ta dariya. Ta tsaya a gabana, ta duba tafin hannunta, ta dube ni.

"Muhandis," ta ce, "kullum in na mara, hannuna yana zafi. Yau ban ji komai ba." Ta ƙara matsowa, ta bar Larabcin ta kama Hausarta mai tsalle-tsalle. "Kai kaɗai kake gaba. Don girman Allah, na taɓa?"

Wayar tana hannuna, koren wurin dannawa yana kallona. Kalma ɗaya ce, e, kuma ita kanta ba ta da tabbas. Na ga Hanifa, na ga shagon Ƙiblatain, na ga kaina ina salla a Harami kowace rana. Na kuma ga yarinyar nan a kan ƙanƙara a wata ƙasa, tana zaton hannunta yana kaiwa. Haushi ya kama ni, haushinta da ta tambaya, haushin kaina, haushin ejan, haushin kowa.

Na ce, "Ba ki taɓa ba."

Na je na kifar da akwatin batir ɗin, na nuna musu makunnin. Mazin ya fassara wa kocin da murya ƙasa-ƙasa. Dattijon bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsuguna ya bi wayar da yatsa har inda ta haɗu da layin faifan, ya dubi inda Rihab ta faɗi, ya dube ni, ya ce, "Na tambaye ka." Ammi Salihu ya sa hannu a wayarsa, na ji tawa ta sake ƙara. Ya janye buƙatar.

Ɗaya daga cikin 'yan Badar ɗin ya yo kaina, ɗan'uwansa ya riƙe shi. Mazin ya roƙi kocin har muryarsa ta dishe. Daga ƙarshe ya ce zai ba su dama ɗaya, bayan la'asar in titi ya huce, da sharaɗin a cire wayar a gabansa. Ni na cire ta da hannuna. Rihab ta miƙo hannu, na ba ta makunnin, ta jefa shi cikin kwazazzabo.

Awannin nan ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Suka tafi wata gonar dabino suka zauna a rumfa, ni na zauna a gindin ƙarfen faifan, a ɗan inuwar da bai kai faɗin bayana ba. Na duba kowane haɗi sau biyar. Da azahar Inna ta aiko Mazin da ruwa da gurasa. Ya aje a gabana ya juya. Yanzu layi ɗaya ne, kuma in ya ƙi, na kashe wa yaran nan tafiya sau biyu a rana guda.

Bayan la'asar aka busa usur. Wannan karon kocin yana tsaye kusa da ni, hannuwana biyu a kan kaina inda kowa zai gani. Gurnani ya taho. Ta ɓullo daga kwana, kuma tun kafin farin dutsen ta tashi zaune. Marin da ta kai wa faifan sai da ya juya ya bugi ƙarfen sama. Fitila ta kama. 'Yan'uwan suka zo suka mara, Mazin ya zo ya mara. Kocin ya daɗe yana duban agogo. Lokacin bai kai na safe kyau ba, amma ya ce ya isa. Na ji ina ihu tare da su, sai da na ga ba wanda ya juyo wajena sannan na yi shiru.

Na tarar da Ammi Salihu a bakin mota. Na durƙusa. Na ce, "Ammi, na yi laifi. Saura kwana tara."

Ya ce, "Tashi." Na tashi. "Aikinka yana da kyau, ban taɓa ganin hannu irin naka ba. Kuma ka faɗi gaskiya lokacin da ƙarya za ta fisshe ka, na gani. Amma a shagona gidajen mutane nake tura ma'aikaci, inda 'ya'yansu suke kwana. An tambaye ka, ka ce babu. In na tura ka, kullum zan riƙa tunanin me ka ɓoye a ƙarƙashin akwati." Ya buɗe ƙofar mota. "Saura kaɗan in kai gawar 'yar ɗan'uwana gida yau. Ba zan iya ba, Haladu. Ka yafe ni."

Inna tana zaune a baya. Na zaci za ta sa baki, ta saba juya shi yadda take so. Ta dube ni kawai, idonta jawur, ta ce, "Ka zo Juma'a ka ci tuwo, ɗan nan." Motar ta tashi.

Na yi sauran kwanakin ina bin shaguna, ban samu ba. Na je na ci tuwon. Inna ta cika min jaka da dabino da 'yan rigunan jarirai da ta sa aka sayo, Rihab ta leƙo ta ce, "Ma'assalama, Muhandis," ta koma ciki. Ranar da mudir ya fito min da fasfona daga durowa, an buga fitar, na shiga Madina na yi sallar la'asar a masallacin Annabi, na fito harabar na zauna a ƙasan wata lema na kira Saratu. Ban taɓa gaya mata komai ba sai ranar. Na faɗa mata tun daga wayar da na ja har zuwa maganar Ammi. Ina jin Hanifa tana gwalantu a kusa da ita.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Baban Hanifa, kai ka faɗa musu, ko kama ka suka yi?"

"Yarinyar ce ta tambaye ni, na faɗa."

"Da ba ta tambaya ba fa?"

Na buɗe baki in ce da na faɗa. Koriyar ƙubba tana gabana. Na ce, "Ban sani ba, Saratu."

Na ji ta ja dogon numfashi, ta gyara wa yarinyar zama.

"To," ta ce. "Taho gida."